Yaya Bahago da Zawarawan Safar Hannu

Yayana bahago ne, kuma a gidanmu wannan ba ƙaramin laifi ba ne. Babanmu, Allah ya jiƙansa, mutum ne da ba ya ɗaukar komai da zafi. Akuyar maƙwabta ta cinye masa shuka, sai ya ce a ƙyale ta, ita ma rai gare ta. Ɗaki ya yi yoyo, sai ya ja gado gefe ya ci gaba da barcinsa. Amma ya ga Yaya ya tsoma hannun hagu a kwano, to nan fa za ka ga wani mutum daban. An yi faɗan, an yi dukan, an ɗaure hannun a baya da tsumma, duk a banza. Daga ƙarshe Baba ya samo dabara: da an ajiye abinci sai ya tuɓe safar ƙafarsa ya zura wa Yaya a hannun hagun. Ita ce safar farko da yayana ya taɓa sawa a hannu, kuma ba wankakkiya ba ce.

Dabarar ta yi aiki rabi da rabi. Yaya ya koyi ci da dama, gaisawa da dama, karɓar abu da dama. Sauran komai kuwa, daga jifa zuwa dambe zuwa buɗe murfin kwalba, hagu ce. Ya tashi da ƙullin hannun damansa a zuciya, kamar wani ƙane da aka fifita a kansa. Har suna ya raɗa musu. Na hagu shi ne Lebura, na dama kuwa Ɗan Ofis, wai don ba abin da ya iya sai ci da gaishe-gaishe. In ya ƙwale yatsa da guduma, kafin ka ce masa sannu ya riga ka cewa, "Madalla, shi ma ya ɗanɗana." Kuma kullum Ɗan Ofis ne ke ɗanɗanawa, tunda gudumar a hannun Lebura take.

Sana'a ta ba shi wuya. An kai shi koyon ɗinki, almakashi ya ce bai san shi ba, ya mai da yadin mutane tsummoki. An kai shi garejin kanikawa, ogan ya dawo da shi da kansa, ya ce wa Baba kallon yaron nan yana kwance noti jiri yake sa shi. Haka ya yi ta gantali har gemu ya fito, sannan aka buɗe kamfanin narka ƙarfe a bayan gari, inda ake zuba ƙarafan bola a wata ƙatuwar tukunya su fito a matsayin rodi. Can ya samu shiga, can kuma ya tsufa. Ni ce auta a gidanmu, kuma rumfar abinci gare ni a bakin get ɗin kamfanin, don haka ba a bakin wani na ji wannan labari ba. Abin da idona bai gani ba, ma'aikata sun kawo mini shi da baki cike da loma.

Aikinsu a wurin da suke kira bakin wuta yake. In ƙarfe ya narke, datti na tasowa sama, sai a sa doguwar sandar ƙarfe a yi ta janyo shi. Sandar da hannu biyu ake riƙe ta, ɗaya a gaba, ɗaya a baya. Mai amfani da dama hagunsa ne a gaba, shi ke shan zafi da tartsatsi. Kamfani na ba su safar hannu ta fata, mai kauri, mai dogon wuya har kusan gwiwar hannu, amma sai lokacin rabo ya yi ake bayarwa. Kafin lokacin, warin hagu ya ƙone ya ƙanƙance ya zama ƙaho, warin dama kuwa ko datti bai gama yi ba. Da an ba su sabuwa sai su yar da na hagun, na daman su jefa a wani tsohon duro da ke bayan sito. Shekara da shekaru ana tara su, ba mai waiwayarsu.

Ranar da Yaya ya leƙa duron nan, Dogo abokin aikinsa ya ce sai da yayan nawa ya zauna a ƙasa. Shi da yake bahago, damansa ne a gaba, warin dama yake ƙonawa. Ga kuwa warin dama nan cike da duro, lafiyayyu, ba mai so. Ya sa musu suna zawarawa, wai mazansu sun mutu a bakin aiki sun bar su da ƙuruciyarsu. Daga ranar, yayin da kowa ke lallaɓa ƙonanniyar safa yana jiran rabo, Yaya sai ya taka zuwa bayan sito ya zaɓo bazawara, ya karkaɗe ta, ya zura. Ban taɓa ganinsa da safa iri ɗaya a hannu biyu ba. Hagu ja, dama ruwan toka. Hagu doguwa, dama gajera. Ko a jikinsa.

Akwai kuma wani lungu a gefen tukunyar da kowa ke gudu. Bango ya matse shi ta yadda mai dama sai ya murɗe ƙugu kafin sandarsa ta kai, in ya tashi aiki yana tafiya a karkace. Yaya ya shiga lungun nan ya ji kamar don shi aka gina. Ogan sashe ya bar masa, har aka daina cewa lungu, aka koma cewa wurin Bahago. In bai zo aiki ba sai an yi cacar baki kafin a samu mai tsayawa. Mutumin da aka yi ta dukan hannunsa tun yana rarrafe, yau ga shi ana neman hannun ido rufe. Wallahi har tafiyarsa ta canza. In ya fito cin abinci, da ƙirji yake fara shigowa rumfata.

Matsalar yayana bai san ya isa ba. Zawarawa sun fi ƙarfin hannu ɗaya, sai ya fara kwasowa gida a buhu, wai tausayi suke ba shi. Matarsa ta samu ta sauke tukunya. Yaransu suka zama masu tsaron raga da hannu ɗaya. In ya je duba marar lafiya, wasu su kai lemo, shi ya kai warin safa. Unguwarmu kaf ba gidan da ba ka samun safar dama guda ɗaya a rataye, ba kuma gidan da ka samu ta hagu. Duk da haka buhuna suka cika ƙarƙashin gado, suka hau kan sif, har ɗakin ya koma warin majema. Matarsa ta gaji da magana ta koma yi wa buhunan sannu da gida.

Ba 'yan bakin wuta kaɗai ke jefawa a duron ba. Masu lodin rodi na jefawa, masu yankan ƙarfe na jefawa, har masu share fili. Safarsu kuwa ba iri ɗaya ba ce. Wata kauri gare ta kamar tafin takalmi, wata laushi, an yi mata shafi da wani yadi mai santsi irin na roba. Yaya bai taɓa bambancewa ba. In ka yi magana sai ya ce, "Fata fata ce. Duk saniya ce ta mutu." Allah kuma ya yi ta rufa masa asiri, daga ɗan bororo sai ƙonewar gashin hannu, shi kuwa ya ɗauka iyawarsa ce.

Ana nan sai kamfani ya ɗauko jami'ar kula da lafiyar ma'aikata. Mace ce gajeriya, ba ta kai kafaɗar Yaya ba, hular kwanon da ke kanta ta yi mata yawa. Kafin sati ya zagayo an sa mata suna Juya-mu-gani, don duk wanda ta tare abin da take cewa ke nan. Ba ta kallon fuskarka, wuyan safarka take so. Taronta na farko a inuwar da ke jikin rumfata aka yi shi, ina kwashe abinci ina saurare.

Ta ɗaga safa biyu ta ce, "Kowace akwai tambari a wuyanta. Wannan mai hoton guduma, an gwada ta ne da yanka da gurzuwa da huda. Wannan mai hoton harshen wuta, ita aka gwada da zafi da tartsatsi. Lambobin da ke ƙasa, in sun yi sama kariya ta yi sama. Wadda ba ta da hoton wuta, ko kusa da tukunya kada in gan ta."

Yaya na jingine da turken rumfata yana sakace. Ya ce, "Madam, tambaya. Ita saniyar ta san an ba ta lamba huɗu?"

Wuri ya kece da dariya. Ta jira har suka gama, sannan ta ce, "Ba ta sani ba, Baba. Wutar ce ta sani."

Dariya ta biyu ta fi ta farko, kuma ba da shi aka yi ta ba. Ni kaina sai da na saki ludayi. Tun daga ranar na ji yarinyar ta kwanta mini a rai, don na daɗe ina neman mai taya ni.

Dokarta kuwa ba ta da wuya. An daina jiran rabo. Duk sanda safarka ta lalace ka je sito, ka miƙa wari biyu, a ba ka wari biyu sababbi. Duk ɗan bakin wuta sai an ga hoton wuta a hannayensa duka, iri ɗaya. Wanda ya ƙi, a sauke shi zuwa filin tsintar ƙarafan bola. Ma'aikata har tafi suka yi, don sun gaji da toya hagunsu. Mutum ɗaya ne bai tafa ba. Washegari aka zo da motar ɗaukar kaya aka tafi da duron, yana tsaye yana kallo hannu a ƙugu. Ranar rabin abincinsa ya bari, abin da bai yi ba ko ranar da Baba ya rasu.

Na ce, "Yaya, mene ne abin ɓata rai? Sabuwa fa za a riƙa ba ka."

Ya ce, "Auta, ba za ki gane ba." Ya ɗaga warin hagunsa, wata tsohuwar safa ruwan ƙasa da ta bi siffar hannunsa har ana ganin gurbin kowane yatsa. "Dubi wannan. Lafiyarta ƙalau. Sai in miƙa ta a jefar don Ɗan Ofis ya ƙona tasa? Lebura ya yi asarar rigarsa saboda wannan ragon? Sannan in bi layi a sito tare da yaran da suka zo jiya, ga buhuna a ɗaki?"

Na ce, "To zaɓi, buhuna ko lungunka."

Ya ce, "Duka biyun."

Na san wannan muryar. Da ita ya ce wa Baba ya daina amfani da hagu.

Dabararsa ta farko biro ce. Ya zaɓo bazawara daga buhu, ya zauna a ƙofar gida ya zana mata harshen wuta a wuya, ya jera lambobi a ƙasa, duk huɗu-huɗu, wai tunda kyauta ne gara ya ba ta maki mai kyau. Da safe Juya-mu-gani ta tare shi a bakin get, daidai gaban rumfata. Ya miƙa hannu yana kallon sama. Ta juya wuyan, ta kalla, ta matso da shi kusa da ido.

"Baba, wa ya zana maka albasa?"

"Wuta ce."

"Har da saiwa gare ta."

Dogo ya ƙware da ruwan da yake sha, sai da aka bubbuga masa baya. Ita kuwa ba ta yi dariya ba. Ta ja Yaya gefe, amma kunnena ba ya hutu. Ta ce, "Baba, ka haife ni, ba na son in yi maka tsawa a gaban mutane. An gaya mini lungun nan ba mai iya shi kamarka. Ina so in bar ka a ciki. Amma in na sake kama ka, da hannuna zan rubuta a sauke ka. Don Allah je sito." Ya ce to, 'yata. Ya je siton kuwa, mai sito ya ba shi sababbi, ya karɓi mai albasar da wata tsohuwar hagu da Yaya ya aro a wurin Dogo. Tasa ta hagun tana cikin aljihun wandonsa.

Na ɗauka an gama. Ya yi aiki da sabuwar dama har ta ƙone, kamar yadda suke ƙonewa. Maimakon sito, sai ga shi wata yamma a wurin mai gyaran takalmin da ke kusa da ni, sun haɗa kai suna ƙus-ƙus. Na leƙa. Yaya ya yanke wuyan ƙonanniyar safar, wurin da tambarin gaskiya yake, ya kawo wata bazawara mai launi ɗaya da ita, ana ɗinke wuyan wannan a jikin waccan. Na ɗauki bazawarar na zura hannu. Laushi kamar kunnen ɗan akuya, cikinta santsi.

Na ce, "Wannan ai ta masu lodi ce."

Ya ce, "Yanzu an ƙara mata girma."

Raina ya ɓaci. Na ce wa mai gyaran takalmi ya ji tsoron Allah, ya ce shi ɗinki aka kawo masa, bai ga wuta a nan ba. Na juya kan Yaya na wanke shi tas. Na ce furfura a kai, jikoki a gida, kana wasan yara da narkakken ƙarfe? Na ce in ba ka tausayin kanka ka tausaya wa matarka da za ta yi jinya. Na ce wallahi gobe da sassafe zan gaya wa yarinyar nan. Ya ce in na gaya mata ya daina cin abincina har abada. Na ce ka daɗe ba ka daina ba, dama ba biya kake ba.

Na kuwa gaya mata. Da safe ta tare shi, ni ina tsaye da ludayi kamar 'yar sanda. Ta juya dama, ta juya hagu, ta duba ciki. Ta gaskiya ce, sabuwa fil, ya aro a wurin wani mai aikin yamma. Ya kalle ni ya ɗaga gira. Ta yi ta bincikarsa na 'yan kwanaki, kullum tsaf, har ta fara kallona kamar mai sharri. Da ƙura ta lafa sai ya fito da ɗinkakkiyar. Mai gyaran takalmin nan, tsakani da Allah, gwani ne. Ɗinkin ya ɓoye a cikin tsohon layin zare, launi ya hau launi. Ta juya wuya ta ga harshen wuta na gaskiya, ta ce masa ya wuce. Ya shigo rumfata da rana yana rangaji, ya ce, "Auta, zuba mini da nama. Yau boko ya sha ƙasa." Na ce masa zan sake kai ƙara. Ya ce in je, an riga an san ni da ƙarya.

Ban samu na kai ba. Washegari da hantsi ina yanka albasa, albasa ta gaskiya, na ji wata ƙara daga ciki kamar an fasa taya. Irin wannan takan faru in wani bututu mai ruwa a ciki ya bi ƙarafan bola ya shiga tukunya, sai ta yi tofi. Dogo ya ce tofin ranar bai ma kai na wasu ranaku ba. Ya fallatsa musu su biyu. Na Dogo ya sauka a kan hagunsa, ya yarfe hannu, safar ta yi hayaƙi ta huje, ya tsira da bororo ɗaya. Na Yaya ya sauka a kan ɗinkakkiyar. Siririyar fatar ta ƙanƙance nan take ta damƙe hannun, shafin robar ya narke ya manne. Ya ja ta ƙi fita. Dogo ya ja ta ƙi fita. Ta gabana aka wuce da shi a motar kamfani, hannun a cikin bokitin ruwa, bakinsa a buɗe amma ba sauti. Na bar tukunya a kan wuta na bi motar da gudu, ɗankwalina ma a hanya aka tsinto mini.

A asibiti da almakashi aka yanka safar, aka yi ta ɓanɓaro ta kaɗan-kaɗan. Ba zan ba ku labarin abin da ke ƙarƙashi ba. Abu ɗaya ne ya fito lafiya lau, wuyan nan da aka ɗinka, tambarinsa ko baƙi bai yi ba. Na yi kuka, na yi masifa, na sake yin kuka. Matarsa kuwa ta miƙe. Ta koma gida ta jawo buhunan nan ɗaya bayan ɗaya ta kai bola, ta dawo da ruwan zafi a fulas ta zauna a gefen gado.

Juya-mu-gani ta zo duba shi bayan ya fara magana. Ba hular kwano a kanta, sai na ga ashe yarinya ce sosai. Wuyan safar na hannunta, ta juya cikinsa, ga zaren mai gyaran takalmi a fili. Idonta ya yi ja.

Ta ce, "Baba, ni ka yi wa wayo, na yarda. Na duba ban gani ba. Na kwana ina tambayar kaina."

Ya kalli silin. Sannan ya ce, "Ba laifinki, 'yata. Ke kin duba wuya. Ita ce ba ta duba ba."

"Wa?"

"Wutar. Ashe ba ta karatu."

Ta yi dariya hawaye na zuba, ni ma haka, mai jinya ta leƙo ta ce mu rage murya. Daga nan ya tambayi abin da na san yana cinsa tun ranar farko. Ya ce, "Wa ke lungun?" Ta ce ana karɓa-karɓa. Ya ce, "A gaya musu na kusa dawowa." Ni da ita muka kalli hannun da ke naɗe.

Hannun ya warke, amma ba yadda aka ba shi ba. Yatsu uku sun lanƙwashe sun kwanta a tafi, fatar ta yi ƙyalli ta ɗaure. Ba ya riƙe kofi, balle sandar ƙarfe. Sai a lokacin Yaya ya gano irin aikin da Ɗan Ofis ke yi a ɓoye. Shi ke riƙe ƙusa. Shi ke tare riga in za a sa maɓalli. Shi ke danne burodi in Lebura zai yanka. Na shiga gidan wata rana na same shi yana kokawa da mazugin wando, da haƙori da hannu ɗaya. Ya ce, "Auta, ashe ragon nan yana taɓa abu." Na sunkuya na ɗaure masa.

Kamfani bai kore shi ba. Juya-mu-gani ta tsaya masa aka mai da shi sito, ya zama mataimakin mai sito, mai karɓar tsofaffin safa ya ba da sababbi. An ce a tarihin wurin ba a taɓa samun mugun mai bincike irinsa ba. Yana juya wuya, yana juya ciki, yana bin ɗinki da farce, har sansanawa yake. Wani ya zo masa da wari ɗaya wai ɗayan ya ɓata, Yaya ya zaro hannun daman daga aljihu ya ajiye masa a kan kanta. Mutumin ya je ya nemo. Lungun kuwa an ba wani mai dama, yana nan yana tafiya a karkace. In tukunya ta yi ruri, duk abin da Yaya ke yi sai ya tsaya ya juya kai wajen.

Amma ranar da ya fara aikin siton nake son in ba ku. Doka ta ce duk wanda ya shiga ciki sai da safa, tunda a siton ma akwai ƙarafa. Da rana ya shigo rumfata, ba da ƙirji ba, da kafaɗa, riƙe da leda. Ya zauna a bencin da ya saba, ya yage ledar da haƙori. Safa ce sabuwa, wari biyu, launi ɗaya, tsawo ɗaya, an haɗe su da zare. Ya tsinke zaren. Ya zura Lebura, ta shige sumul. Ya ɗauki ta daman ya fara lallaɓa Ɗan Ofis. Ya tura, ya murɗa, ya ja da haƙori. Lanƙwasassun yatsun suka tokare a bakin wuya suka ƙi wucewa. Ma'aikatan da ke cin abinci kowa ya sa ido a kwanonsa.

Ya haƙura. Ya zauna da warin a hannu, ya waiga wajen bayan sito, inda duron yake a da. Ba komai a wurin sai shacin tsatsa a ƙasa. Sai ya miƙo mini.

"Ungo, Auta. Ki riƙa sauke tukunya. Juya ki gani, wannan wutar ta gaskiya ce."

Na karɓa. Ya ce, "Kin ga ikon Allah? Baba ya yi ta fama in zama irin mutane. Yau ga shi ni ma na bar bazawara ta dama, kamar kowa."

Tausayinsa ya kama ni har na rasa inda zan sa idona, ga haushi kuma, don wannan taurin kan ya ci masa abu ɗaya tak da ya taɓa yin alfahari da shi. Na zuba masa abinci da nama, na ajiye a gabansa da ƙarfi. Ya kalli kwanon, ya kalli hannun daman da ba ya iya dunƙula loma. Ya sa haƙori ya zare safar hagun, ya wanke hannu a roba, ya waiga dama da hagu kamar mai jiran a tuɓe safar ƙafa. Ba wanda ya hana shi. Ya tsoma Lebura a kwano ya fara ci.